"Lokal": Yadda Kalmar Wuri Ta Koma Kalmar Raini

A cikin kalmomin Turanci da suka shigo bakin Bahaushe, ban san wadda ta kai "lokal" saurin yanke hukunci ba. Gaɓa biyu ce kacal, amma in aka jefi fim da ita a majalisar samari, ko a teburin mai shayi a nan Unguwar Kanawa, to an gama da shi. Ba mai sake tambayar wa ya ba da umarni ko me labarin ya ƙunsa. "Ai lokal ne." Shi ke nan, sai a koma hirar ƙwallo. Haka ake yi wa littafi, haka ake yi wa waƙa da takalmi da ɗinkin tela. Har mutum sukutum bai tsira ba: wance kyakkyawa ce amma lokal ce, wane ya yi kuɗi amma har yanzu ɗan lokal ne.

Kowa ya san abin da mai maganar ke nufi. Abin ya gaza, bai kai ba, bai cika mudu ba. To amma mai karatu, ka ɗauko ƙamus ɗin Turanci ka duba local. Ba za ka ga gazawa a ciki ba. Ma'anarta ita ce abin da ya shafi wani wuri, ko wanda aka yi a wurin. Asalinta daga Latin ne, daga locus, wato wuri. Abin dariya, daga wannan tushen ne aka samo "lokeshin", kalmar da ɗan fim ke faɗa yana hura hanci in an buga masa waya: ina lokeshin. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da lokal, amma ɗaya ta shiga mota, ɗaya tana tafiya a ƙasa. A Ingila da Amurka ma, in aka rubuta wa kayan lambu wannan kalma a kanti, talla ce ake yi masa, sau da yawa har kuɗinsa ya fi na wanda aka yi jigilarsa daga nesa.

Ta yaya kalmar da ke nufin "na nan" ta koma "mara kyau" a bakinmu? Ba dare ɗaya abin ya faru ba, kuma Kaduna na cikin garuruwan da suka fi ganin yadda aka yi.

Kafin lokal, akwai yayarta, native. Da ita Turawan mulkin mallaka suka raba duniya gida biyu: nasu, da na 'yan ƙasa. Akwai kotun Bature, akwai kotun 'yan ƙasa. Akwai Gwamnati, akwai Native Authority, wadda kakanninmu suka lanƙwasa harufanta suka ce En'e. Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, a kan wannan tsarin aka zana garin: unguwar Turawa da bishiyoyinta a gefe guda, sauran jama'a can nesa. Waɗanda suka biyo aikin reluwe, soja, leburanci da fatauci suka yi ta kafa unguwanni, sunan wasu ma yana gaya maka daga inda mutanen suka fito. Ba sai an yi wa kowa fassarar Unguwar Kanawa ba. Wato a garin da, in ka cire Gwarawa, kusan kowa baƙo ne, a nan ne kuma muka fi iya kiran juna lokal. Ikon Allah!

A makaranta kuma aka kawo mana ƙanwarsu, "banakula". Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a ƙasar nan ya san takardar sunayen masu yin banakula a aji, da tarar da ake ci, ko bulalar da ke biyo baya. Ita ma daga Latin take, daga verna, bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa, wato cucanawa a tamu Hausar. Yaron da aka doka don ya yi harshen uwarsa ya riga ya koyi darasin tun kafin ya ji kalmar lokal: na gida shi ne na ƙasa.

Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, sunan En'e ya fara gushewa, sai gyaran 1976 na zamanin Janar Obasanjo ya kafa tsarin local government iri ɗaya a duk ƙasar, waɗanda yau suka kai 774. A nan ne kalmar ta shiga bakin kowa, har tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ta san "lokal gwamman". Ku lura da yadda masu fassara suka juya ta zuwa Hausa. Ba su ce hukumar gida ko hukumar yanki ba, suka ce ƙaramar hukuma. Ba laifi suka yi ba, gaskiyar tsarin suka faɗa: tarayya a sama, jiha a tsakiya, lokal a ƙasa. Amma daga ranar, ƙanƙanta ta manne wa kalmar. Haka makarantun L.E.A., wanda harafin farkonsu lokal ɗin ne. Iyayenmu da yawa can suka yi, suka fito suka zama likitoci da hafsoshi. Da shirin U.P.E. na 1976 ya cika azuzuwa maƙil ba tare da isassun malamai ba, sannan makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa, sai "ɗan L.E.A." ya koma abin tsokana.

Sai dai inda kalmar ta yi ƙiba sosai, a kasuwa ne.

Akwai lokacin da "an yi shi a Kaduna" yabo ne. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban magidanta suka riƙa tsallaka gada kullum zuwa aiki. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a garin nan, kuma tsofaffin direbobin tashar Kawo har gobe ba su yarda akwai motar da ta kai Fijo 504 jure hanyar Nijeriya ba. Ba wanda ya kira ta lokal da nufin zagi.

To sai kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, Naira ta yi ƙarfi, jiragen ruwa suka yi layi a Legas. Sayo abu daga waje ya fi yin sa a gida sauƙi. A zamanin Shagari har kwamitin shugaban ƙasa aka kafa na shigo da shinkafa, ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko. Bahaushe ya ɗanɗana shinkafar da ba sai an tsince tsakuwa ba, sai ya raba shinkafa biyu: 'yar gwamnati da 'yar Hausa, daga baya foren da lokal. A lefe ma haka: Holan da Ingila a saman akwati, ta gida a ƙasa inda dangin amarya ba za su fara gani ba. Da shirin SAP na Babangida ya zo a 1986, Naira ta faɗi, masana'antu suka kasa sayen kayan gyara, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Abin da ya rage ana yi a gida shi ne wanda talaka ya ƙera da hannunsa don ba shi da kuɗin na waje. Mai saye ya je kasuwa a nuna masa "orijina", a nuna masa "Baljiyam", wato wanda wani ya gama amfani da shi a Turai, sannan a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa, a ce akwai kuma lokal. Ka ji fa: gwanjon wani ya fi sabon naka daraja.

A gaskiya ba duka rainin ne zalunci ba. An sha sayar wa mutane kayan da ba su kwana biyu. Amma duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake narka ƙarfe a fitar da injin niƙa, ko kayan motar da kamfaninta ya daina yi, ya san ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Mu da muka yi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna mun san ɗaliban injiniya ba sa ɓata hanyar Panteka in lokacin furojet ya zo. Kuma Bahaushen nan da ke raina lokal, kawo masa kazar Hausa da kazar gidan gona ka ga wadda zai ɗauka. Zumar lokal, man shanun lokal, ƙwan zabi: a nan kalmar garanti ce. Ashe ciki ya fi baki sanin gaskiya.

Wani abin kuma, kada mu ɗora wa Bature laifin duka. Kalmar ta tarar da shimfiɗa a gidanmu. Muna da baƙauye da ƙauyanci. Muna da bagidaje da gidadanci, ka saurare su da kyau za ka ji "gida" a ciki. Ɗan birni ya daɗe yana yi wa ɗan ƙauye dariya, wanda ya je Ikko ko Kumasi ya dawo yana yi wa wanda bai taɓa fita ba. Abin da lokal ta ƙara shi ne ta ɗauke ma'aunin daga birnin Kano ko Katsina ta kai shi ƙetare. A da, baƙauye na iya shigowa birni ya waye. Yanzu birnin gaba ɗaya ne ya zama ƙauye.

Da wannan kaya a kanta kalmar ta iso duniyar littafi da fim.

Marubutan da suka ɓullo daga tsakiyar shekarun 1980 su suka fara shan ta. Kamfanin NNPC na Zariya ya ja baya da buga ƙagaggun labarai, sai matasa da matan aure suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna. Takarda mai araha, bango mai zanen hannu, kurakuran ɗab'i birjik. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Aka yi shekaru ana gwabzawa a shafukan Nasiha da New Nigerian, su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna kare marubutan. A ganina Malumfashi yana da hujja a kan rashin tacewa, kuma ya fi masu cewa "lokal" adalci nesa ba kusa ba, domin shi ya karanta, ya faɗi abin da ya gani. Amma a bakin 'yan boko na gari, waɗanda ba su taɓa buɗa ko ɗaya ba, hukuncin ya taƙaita ne a kalma guda. Su kuwa marubutan, sunan da suka sa wa ƙungiyarsu ta Kano ya isa amsa: Raina Kama. Kowa ya san ƙarashen karin maganar. A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Indiyar da muke ta kwaikwayo, ita ta zo neman namu.

A fim kuwa, raunin ya fi zurfi, saboda idon mai kallo ya riga ya saba da na waje tun kafin a yi na gida. Silimun Kano irin su Rex, Palace, El-Dorado, Plaza da Marhaba sun shekara da shekaru suna nuna na Indiya da na kaboyi da na Canis. Mutanen da suka haddace Mother India na 1957 su aka kawo wa Turmin Danya a 1990, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta ɗauka da kyamarar bidiyo. Dole a ga bambanci. Hoto na rawa, sauti na shaƙewa, in babur ya wuce a bayan gida sai ya cinye maganar jarumi. Wannan gazawa ce ta gaske, kuma tana da suna: rashin kayan aiki, rashin horo, rashin jari.

Kuskuren da industiri ta yi shi ne ta ɗauka ba a kan waɗannan ake zaginta ba. Ta ɗauka a kan zaure da tabarma da katangar ƙasa ne. Sai furodusoshi suka shiga gudun lokal ta hanyar gudun gida. A ari gidan wani Alhaji a G.R.A., a ari mota, a sa wa yarinya sunan da babu mai irinsa a layinsu, a kai ta lambu ta yi rawa a gindin fulawa. A ɗauko fim ɗin Indiya a juye, kamar yadda aka yi Khusufi daga Taal. Amma makirufon ɗin nan dai shi ne, labarin ma a lokeshin ake ƙarasa shi. An sauya kujerun falo, ba a taɓa cutar ba. Ni a wurina babu fim ɗin da ya kai wannan cancantar sunan da ake gudu: attajirin ƙarya a gidan aro yana maganar miliyoyi, alhali inuwar mai riƙe da fitila tana bango.

Alhali tarihi ya nuna mai kallo bai taɓa ƙin ganin gidansu ba. Tun gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962, wa ya tara jama'a kamar marigayi Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, ko marigayi Ƙasimu Yero? Barikin soja da tsakar gida suka nuna, da Hausar da ake yi a titi. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya buɗe wa industiri kasuwa a 1999, labarin gidan sarauta ne, da Fati Mohammed a matsayin Zubaina mai aikin gida. Wasila na Yakubu Lere, da Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni a 2000, rikicin aure ne irin wanda kowace unguwa ta sani.

Sai kuma marigayi Rabilu Musa Ibro. A cikin industiri kanta an yi aji biyu: 'yan "sentimental" masu soyayya da waƙa, da 'yan camama. Camama ita ce lokal ɗin lokal. Kwana biyu ko uku an gama ɗauka, a ƙauye, da riga yagaggiya. 'Yan sentimental na yi musu kallon hadarin kaji. Amma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata sun san kaset ɗin wa ke ƙarewa da wuri. Ba ina cewa finafinan Ibro ba su da aibu ba ne. Da yawansu an yi su da gaggawa, wasu ba kai ba gindi. Abin da nake cewa shi ne, aibunsu gaggawa ce, ba ƙauye ba. Mutumin da ya ɗauki Usama bin Laden da Awilo ya shigo da su cikin barkwancin Bahaushe ya san duniya sarai, ya dai zaɓi ya tsaya a inda yake ya kalle ta. Ya rasu a Disambar 2014, kuma har yau guntayen finafinansa na yawo a wayoyin yaran da ba su taɓa riƙe kaset ba.

Ko sunan da muke tinƙaho da shi akwai wannan tsoron a cikinsa. Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro "Kannywood" a mujallar Tauraruwa a 1999, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yaɗa "Nollywood" a 2002. Abin alfahari ne mun riga su. Amma wutsiyar sunan daga Hollywood da Bollywood aka aro ta, kamar mai cewa: mu ma fa ba lokal ba ne.

A 'yan shekarun nan abubuwa sun ɗan juya. Da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sai ga gari irin namu a talabijin: lungu, mai kayan miya, malamin tsangaya, ɗan ƙwaya, 'yan gudun hijira. Ba gidan aro, ba lambu. Abin da aka gyara shi ne rubutu da sauti da haske. Ban taɓa jin wanda ya kira shi lokal ba, ko da yake babu shirin da ya fi shi zama na gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abubuwa biyu ne kalmar ta cakuɗa.

Shi ya sa nake ganin bai kamata mai sharhin fim ya riƙa amfani da ita ba. Ba don kunya ko kishin yanki ba, sai don ba ta gaya wa darakta komai. In sauti ne ya mutu, a ce sauti. In labarin ya karye a tsakiya, a nuna inda ya karye. In jaruma kuka take kamar ana yi mata cakulkuli, a faɗa. Wanda aka ce wa "sautinka bai fita ba" zai nemo makirufo. Wanda aka ce wa "fim ɗinka lokal ne" gidan Alhaji zai je ya aro.

A waje ma ma'aunin ba inda muka zata yake ba. A Nuwambar 2019 masu gasar Oscar suka cire Lionheart na Genevieve Nnaji, fim na farko da Nijeriya ta taɓa aikawa rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda Turanci ya yi masa yawa, Ibo ɗin da ke ciki na 'yan mintoci ne. Banakular da aka doke mu a kanta ita ce sharaɗin shiga. Wanda aka aika bayansa, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, yawancinsa da Hausa aka yi. A 2024 kuma kwamitin Nijeriya ya zaɓi Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, fim ɗin sarauta da aka ɗauka a Daura, da Adam A. Zango a ciki, da rawuna da dawaki da ganuwar ƙasa. Bai shiga jerin 15 da aka tace a Disambar shekarar ba, kamar yadda The Milkmaid ma bai shiga ba. Masu son sanin dalili sai su zauna su kalle shi tare da waɗanda suka shiga, su duba rubutu, su duba tsarin ɗauka, su kuma tambayi nawa kowace ƙasa ta kashe wajen tallata nata ga masu jefa ƙuri'a a Los Angeles.